Baƙi Arba'in da Uku a Ɗakin Sista

Shekara talatin da ɗaya Sista ta yi tana aikin jinya a babban asibiti, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa jin sirrin majiyyaci ya fito daga bakinta ba. Ta san matar da ta yi ɓari uku ba tare da dangin miji sun sani ba. Ta san attajirin da ke shigowa ta ƙofar baya ya karɓi magani. Idan ta haɗu da su a wurin taro, gaisawa suke kamar ba ta taɓa riƙe fayil ɗinsu ba. Wannan hali ne nagari, amma ya haifar mata da wani mummuna. Ta sa a ranta cewa in dai maganar riƙon sirri ce, babu mahalukin da zai koya mata komai. Ga ta kuma da gajen haƙuri. Duk takardar da ba ta asibiti ba, in ta wuce shafi ɗaya, sai ta ture ta gefe ta ce, "A faɗa mini a taƙaice."

Da ta yi ritaya, asibitin ya biyo ta gida. Tun da hantsi mutane ke cika bencin ƙofar falonta. Wannan ta zo da sakamakon gwaji a karanta mata, wancan ya zo da tambayar da ya ji kunyar yi wa likita. Sista ba ta ba da magani. Bayani take yi, ta kwantar da hankali, ta tura mutum inda ya dace.

Tana da ƙane guda, mai gyaran kwamfuta, wanda kowa ke kira Injiniya. Ya haura hamsin, furfura ta cika masa gemu, amma a wurinta har yanzu shi ne yaron da ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shi ya kawo shawarar a buɗe mata shafi a intanet.

"Yaya, bencin nan mutum shida yake ɗauka," in ji shi. "Shafi kuwa ba ya cika. Ki rubuta abin da kike faɗa musu, kowa ya karanta a ɗakinsa."

Ya gina mata shi fari fat, babu ado, babu komai sai rubutu. Ya miƙa mata kalmar sirrin shiga, ya ce kayanta ne. Ta riƙa rubutu a kan hawan jini, rashin haihuwa, ciwon damuwa, farfaɗiya, da sauran cututtukan da mutane ke ɓoyewa. Rubutunta kamar maganarta yake, ba kwana-kwana, kuma ba firgitarwa.

Cikin masu zuwa wurinta akwai wata malamar aji uku a wata makarantar kuɗi, kowa Malama yake ce mata. Tana da farfaɗiya tun tana 'yar shekara goma sha huɗu. Tana shan maganinta a kan lokaci, kuma shekara shida ke nan ciwon bai tashi ba. Bayan mahaifiyarta da likitanta, Sista kaɗai ta san wannan. Duk wata takan zo da 'yan tambayoyinta, tana waige-waige kafin ta shiga.

Wata rana ta ce, "Sista, uwar wani ɗalibina ta gan ni a bencin nan. Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce gaisuwa na zo, amma gabana bai daina faɗuwa ba."

Sista ta yi murmushi. "To ki huta da zuwa, 'yata. Duk abin da nake gaya miki yana shafina, kuma zan riƙa ƙarawa saboda ke. Can babu benci, babu maƙwabta. Ba ki ba da suna, ba ki ba da lamba. Ko ni ba zan san ke ce kika shiga ba."

"Kin tabbata, Sista?"

"Ni ce fa nake gaya miki."

Malama ta yarda, domin ba ta taɓa jin maganar Sista ta tashi ba.

Shafin ya shekara a haka. Abu ɗaya ne ke damun Sista. A benci tana ganin fuskar wanda ta taimaka, a shafi kuwa kamar tana magana a ɗakin da ba kowa. Ana cikin haka wani mutum mai baƙar kwat ya zo mata, ya ce shi wakilin wani kamfani ne da ke taimaka wa masu shafuka. Ya zauna a falo, ya yabi rubutunta har da kawo jimlolinta da ka. Sannan ya buɗe kwamfutarsa ya juyo mata da ita.

Taswirar duniya ce a kan baƙin allo. A kanta ƙananan fitilu suna kunnuwa suna mutuwa, nan ɗaya, can biyar, can ƙetaren teku wasu.

"Wannan shafin wani abokin hulɗarmu ne," in ji wakilin. "Kowace fitila mutum ne da ke karatu a yanzu haka. Naki zai fi wannan haske, Hajiya."

Sista ta gyara tabarau ta matso. Ta daɗe ba ta ga abin da ya kama mata zuciya haka ba. "Ikon Allah," ta ce a hankali. "Wato mutum yana can wata duniya, ni ina nan ina ganin ya buɗe?"

"A daidai lokacin da ya buɗe. Kuma kyauta ne. 'Yan layuka kawai za a saka a shafinki."

"Ku kuma mene ne ribarku?"

"Mu dai burinmu shafuka masu amfani su bunƙasa." Ya ajiye mata takardar yarjejeniya mai shafi goma sha tara, rubutun ƙanana kamar na jikin kwalin magani.

Ta kira Injiniya ta ce ya zo ya saka. Ya ɗauki takardar ya tafi da ita, sai bayan kwana biyu ya dawo, ya ja layi da jan biro a wurare da yawa.

"Yaya, kada ki saka wannan abu."

"Saboda me?"

"Akwai abin da ake kira kukis. Ɗan tambari ne da shafi ke ajiyewa a na'urar mai karatu don ya gane shi in ya dawo. Kamar katin asibiti. In na shafinki ne, ba laifi, tsakaninki da mai karatu ne. Amma waɗannan mutanen nasu za su ajiye, su da abokan hulɗarsu. Dubi nan, shafi na goma sha ɗaya."

"Suna ɗaukar sunan mutum?"

"Ba sa buƙatar suna. Lamba suke ba shi."

"To shi ke nan! Lamba ai ba mutum ba ce. Mu ma a asibiti da lamba muke ɓoye suna."

"Yaya, ki saurare ni. A asibiti lambar tana cikin durowarki. Wannan kuwa a jikin mutum za a liƙa ta, ya fita da ita."

Sista ta ɗaga masa hannu. "Kai Injiniya, ka kiyaye ni. Ni da na yi maka wanka, na share maka majina, yau kai za ka koya mini riƙon sirri? Shekara talatin da ɗaya, ka taɓa jin an ce Sista ta ce? Ka tsaya a kan wayoyinka, ka bar mini mutane."

"Ba bakinki nake tsoro ba, Yaya. Ko shafin nan guda ki karanta, don Allah."

"Ba zan karanta ba. Za ka saka ko ba za ka saka ba?"

Ya naɗe takardar ya ajiye mata a kan tebur. "Ki gafarce ni, ban da hannuna."

Washegari ta kira wakilin, ta sa hannu a shafin ƙarshe, ta ba shi kalmar sirri. Minti goma bai cika ba ya gama.

Wata huɗu Sista ta yi tana cikin wani irin farin ciki. Da safe, kafin ta karya, sai ta buɗe taswirar. Fitilu suna tashi a garuruwan da ba ta iya faɗin sunansu ba. Ta ga wani ya yi minti arba'in a kan rubutun ciwon damuwa, sai ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a. Ta riƙa kiran tsofaffin abokan aikinta su zo su gani. Sukan tsaya a bayanta sun riƙe baki, ita kuma tana nuna musu da yatsa. "Kun ga wannan? Tsakiyar teku fa, wani tsibiri. Har can maganata ta kai." Idan Injiniya ya zo gaishe ta, takan juyo masa da allon ta ce, "Ga abin tsoron naka nan, har yanzu bai cinye kowa ba." Shi dai sai ya sunkuyar da kai.

A makarantar su Malama kuwa, an shirya taron ƙara wa juna sani na malamai. Mai makarantar tana kujerar gaba, tare da iyaye uku daga kwamitin iyayen yara. An zaɓi Malama ta nuna yadda take koyar da karatu, domin ajinta ne ya fi kowane aji iya karatu a bana. Ta zo da kwamfutarta ta gida, wadda take karanta shafin Sista da ita, aka haɗa da majigi. Duk abin da ke allonta ya bayyana a bango, faɗinsa ya kai ƙofa biyu.

Ta buɗe wani shafin labaran yara. A gefen dama, kusa da hoton zomo, talla ta fito da manyan haruffa: KINA FAMA DA FARFAƊIYA? GA MAGANIN DA ZAI RABA KI DA ITA.

Ta taɓa ganin tallar a gida, ta ɗauka kowa ake nuna wa. Amma yau ga ta a bango, a gaban jama'a. Ta yi sauri ta koma shafi na biyu, na wasan haɗa kalmomi. Tallar tana saman shafin. Ta buɗe na uku, na ƙamus. Wata ce daban, mai hoton mace ta dafe kai: KADA FARFAƊIYA TA KUNYATA KI A WURIN AIKI.

Malamin lissafi, mutum mai son raha, ya ce, "Malama, wannan talla 'yar ajinku ce? Duk inda kika je tana biye da ke."

Aka yi dariya. Sai ɗaya daga cikin iyayen, wani mai sayar da wayoyi, ya ce, "Ai ba haka kawai suke fitowa ba. Abin da mutum ya saba karantawa, shi ke bin sa."

Dariyar ta tsaya. Da Malama ta yi murmushi ta wuce, wataƙila da maganar ta mutu a nan. Amma sai ta rufe kwamfutar da ƙarfi. Idanun mutum ashirin suna kanta.

Bayan taro mai makarantar ta kira ta ofis, ta rufe ƙofa. "Malama, tambaya ɗaya zan yi miki, kuma na san ba kya ƙarya. Kina da ciwon nan?"

"Ina da shi, ranki ya daɗe. Ina shan magani. Shekara shida bai tashi ba."

Kafin mako ya zagayo maganar ta gama zaga iyaye. Wasu suka ce ciwon ana ɗauka ta yawu, wanda ba gaskiya ba ne. Wasu suka ce idan ta faɗi a kan yaro fa? Uwa biyu suka ce a canja wa 'ya'yansu aji. Ranar Litinin ta biyu aka miƙa wa Malama takarda cewa ta tafi hutu har sai an neme ta. Kowa ya san ma'anar wannan.

Daga makaranta ba ta je gida ba, gidan Sista ta wuce. Wannan karon ba ta yi waige ba. Ta zauna ta ba da labarin tun daga farko, muryarta a kwance kamar labarin wata take bayarwa.

"Sista, ban taɓa rubuta sunan ciwon nan a ko'ina ba. Ban taɓa neman sa a wani wuri ba, saboda tsoro. Shafinki kaɗai nake buɗewa, kai tsaye. Ke kika ce ko ke ba za ki san ni ce ba."

"Wallahi, 'yata, ban gaya wa kowa ba. Wallahi tallahi."

"Na sani. Ban zo don na ce kin faɗa ba. Na zo ne ki gaya mini wanda ya faɗa."



Washegari da sassafe Sista ta tafi shagon Injiniya, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta same shi yana ɗaga ƙofar ƙarfe. Shagon ɗan ƙarami ne, matattun kwamfutoci jibge har rufi, ga ƙaurin dalma. Ya share mata kujera da hannun rigarsa. Ta gaya masa abin da ya faru. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya jawo wata kwamfuta da ya gama goge duk abin da ke cikinta jiya, wadda ba a taɓa shiga ko'ina da ita ba.

"Zo ki gani da idonki, Yaya. Zan buɗe rubutunki na farfaɗiya. A ƙasa zan buɗe wata taga da ke nuna duk wanda shafin ya yi magana da shi."

Ya danna. Rubutunta ya fito a sama, fari fat kamar kullum. A ƙasa kuwa layi ya fito, sai wani, sai wani, suna zubowa kamar an kunce famfo. Sunaye ne da ba ta taɓa ji ba, wasu ma ba su yi kama da kalma ba. Kafin ta sauke numfashi biyu sun cika tagar sun gangara ƙasa.

"Su wane ne waɗannan?"

"Baƙinki ne. Wakilin nan ɗaya kika buɗe wa ƙofa, shi kuma ya kira abokansa, su ma suka kira nasu." Ya bi su da yatsa yana ƙirgawa. "Arba'in da uku."

"A cikin daƙiƙa nawa?"

"Ba su kai uku ba. Wannan yana wata nahiya, wannan yana wata. Duk an gaya musu cewa na'ura mai lamba kaza ta buɗe shafi mai suna kaza. Sunan shafin kuwa ke kika rubuta shi: yadda za ki rayu da farfaɗiya."

Sista ta zuba wa allon ido. Ta yi aiki da na'urar da ke ganin jariri a ciki, ta ga wadda ke hasko ƙashi, amma ba ta taɓa tsayawa gaban abu irin wannan ba. Saƙo ya bar wannan ɗan shago mai ƙura, ya ratsa ƙarƙashin teku, ya isa wurare arba'in da uku, ya dawo, ita ko ƙifta ido ba ta gama ba.

"To ta yaya suka bi Malama har makaranta?"

"Ki ɗauka kina ɗakin duba majiyyaci, kin rufe ƙofa, kin ja labule. Amma akwai mutane zaune a lungu, ba sa magana. Duk wanda ya shigo sai su liƙa masa lamba a bayan riga, su rubuta abin da ya kawo shi. Mutanen nan kuma suna da 'yan uwa zaune a kasuwa, da tasha, da ɗakin karatu, da makaranta. Da ya shiga sai su duba bayansa su ce, ga mai ciwo kaza nan ya iso, wa ke da abin sayar masa? A take masu talla su yi rububi, wanda ya yi nasara ya manna tasa. Duk kafin shafin ya gama buɗewa."

Ya bar kwamfutar na ɗan lokaci, ya sallami wani da ya kawo gyara. Da rana ta ɗaga ya buɗe wani shafin labaran wasanni, wanda ba ruwansa da lafiya. A gefen dama, ga matar da ta dafe kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Sista. Ta maimaita har sau uku.

Sai ta ciro wayarta daga jaka, ta miƙa masa. "Goge mini su. Duk ka goge."

Ya karɓa ya buɗe wani shafin labarai don ya nuna mata inda ake gogewa, sai ya tsaya. Ya gangara ƙasa, ya sake tsayawa. Ya buɗe wani shafin. Talla uku ya gani a jere: cokali mai nauyi don masu rawar hannu, kofi mai murfi da ba ya zuba, da wani asibitin ƙwararru kan jijiyoyi. Ya ɗago a hankali ya dubi hannunta na dama, wanda ta ɓoye a ƙarƙashin mayafi. Sai yanzu ya tuna cewa ta daɗe ba ta zuba masa shayi da kanta ba.

"Yaya," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Tun yaushe?"

Ta fito da hannun ta ɗora a gwiwa. Yana karkarwa a hankali, kamar ganye.

"Wata bakwai. Ban gaya wa kowa ba. Ko likita ban je ba tukuna. Karantawa kawai nake yi." Ta dubi wayar a hannunsa. "Ƙanena da na goya bai sani ba. 'Ya'yan da na haifa ba su sani ba. Amma waɗannan, da ba su taɓa ganin fuskata ba, sun sani har suna kawo mini cokali."

Ta mayar da hannun ƙarƙashin mayafi. Sannan ta ce, "Haka Malama ta ji ke nan. A gaban mutum ashirin."

A ranar Injiniya ya cire layukan wakilin daga shafin. Taswirar ta mutu. Ya sake buɗe tagar ƙasa, layi ɗaya tak ya fito, na shafinta. Ta tambaye shi ko za a iya karɓo abin da aka riga aka kwasa. Ya ce za su rubuta wa kamfanin, kuma suka rubuta, amma ya gaya mata gaskiya: bai san hannu nawa bayanan suka ratsa ba, kuma babu wanda ya sani.

Ta sa ya ɗauko takardar yarjejeniyar. Ta zauna ta karanta shafi goma sha tara ɗin nan, layi bayan layi, tana tambayarsa abin da ba ta gane ba. A shafi na goma sha ɗaya, inda ya ja jan layi, komai na rubuce ƙarara. Ba su ɓoye mata komai ba.

Ta rubuta sanarwa a fuskar shafin da sunanta. Ta faɗi abin da ta saka, da watannin da ya yi, da abin da ya jawo, ba tare da ta ambaci kowa ba. Ta bayyana yadda mai karatu zai goge kukis daga na'urarsa, da yadda zai toshe na baƙi. Ta rufe da cewa an gargaɗe ta, ita ce ta ƙi ji. Wasu suka gode mata. Da yawa ba su ƙara dawowa ba.

Sannan ta sa farin mayafinta ta tafi makarantar. Ta yi awa guda a ofishin mai makarantar tana bayani: ba a ɗaukar farfaɗiya, mai shan magani yana aikinsa kamar kowa, kuma ta san malamai da ma'aikatan banki da ke da ita. Ta nemi a tara iyaye ta yi musu magana da kanta. Mai makarantar ta saurare ta da ladabi har ƙarshe.

"Sista, ni na gamsu. Amma iyaye ba bayani suke so ba, hankalinsu suke so ya kwanta. Kuma mun riga mun ɗauki wata."

Daga nan ta wuce gidan su Malama. Ta tarar an ɗaure littattafai a kwalaye, an jingina katifa da bango. Malama ta sami aiki a wani gari mai nisa, inda ba wanda ya san ta, za ta bar mahaifiyarta a wurin yayanta. Sista ta ƙi zama a kujera. Ta durƙusa a gaban yarinyar da ta girme wa da shekara talatin, ta gaya mata komai, har da jan layin da ta ƙi karantawa.

Malama ta kama ta ta ɗaga. "Haba Sista, tashi. Kin yi mini alheri shekara da shekaru, ba zan manta ba. Na yafe miki har zuciyata."

"To in kin isa, duk abin da ya dame ki, ki kira ni. Ko ki shiga shafin, yanzu an share shi tas, ƙanena ya tabbatar."

Malama ta ɗauki igiya ta ci gaba da ɗaure kwalin da ke gabanta. Ta ja ƙullin ya yi ƙarfi, sannan ta ɗago.

"Na gode, Sista. Amma ba zan ƙara tambayar kowa komai ba."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, a zamanin nan riƙon amana ya wuce kame baki. Mutum zai iya yin shiru iyakar shiru, alhali kayan aikin da ke hannunsa suna magana da waɗanda bai taɓa gani ba. Duk wanda mutane suka amince wa da sirrinsu, likita ne, malami ne, ko mai shafi, wajibi ne ya san wa ya shigar tsakaninsa da su, ya karanta kafin ya sa hannu, ya kuma tambayi abin da mai ba da kyauta yake samu. Gwaninta a fage ɗaya ba ta sa mutum ya san kowane fage, kuma ba faɗuwa ba ce babba ya saurari na ƙasa da shi a kan abin da ya fi shi sani. Kai kuma mai shiga intanet, ka sani ba kai kaɗai ne a ɗakin ba. Ka toshe kukis na baƙi, ka riƙa gogewa, ka raba na'urar sirrinka da ta aikinka. Sirri in ya fita, neman gafara yana iya wanke zuciya, amma ba ya dawo da shi.